Robar rufin buɗaɗɗiyar mota: orijina, kwafi, Beljiyam ko ta awo?

Motar da ake naɗe rufinta a kwantar a baya ba ta da yawa a Kebbi, amma akwai ta. Za ka iske ta a garejin wani tsohon gida a Birnin Kebbi ko Argungu ko Yauri, an lulluɓe ta da tamfol, ba ta ganin titi sai da salla ko ranar kai amarya. Galibi Mercedes SL ce ta gado, jefi-jefi Peugeot 504 mai ƙofa biyu ko Volkswagen Beetle mai rufin yadi. Inji ba ya ba mai irin wannan mota tsoro, don ko ya ƙi tashi makaniki na nan kusa. Abin da ke mutuwa a ɓoye shi ne robar da ta zagaye rufin, mai tare ruwa da ƙura da iska tsakanin yadi da gilashi da ƙarfe. Ranar da mai mota ya tashi canza ta, sai ya tarar da hanya huɗu a gabansa. Ko ya yi odar orijina mai tambarin kamfanin da ya ƙera motar, ko ya sayi kwafi wurin kamfanonin da suka ƙware a kayan tsoffin motoci, ko ya nemi Beljiyam da aka ciro daga jikin wata motar, ko kuwa ya shiga kasuwa a auna masa ta awo a yanko.

Ra'ayina tun ba a je ko'ina ba shi ne, duk wanda ya ɗauki hanya ɗaya ya bi da ita motar baki ɗaya, ko dai ya yi ɓarnar kuɗi ko ya yi aikin baban giwa. Robar ba iri ɗaya ba ce. A yawancin motoci masu rufin ƙarfe gilashin ƙofa cikin firam yake hawa, firam ɗin ne ke danna roba. Buɗaɗɗiya ba ta da wannan firam. Bakin gilashin galibi haka yake tafiya tsirara ya jingina da roba kai tsaye. Ƙarafan rufin kuma dole su karye gida biyu ko uku kafin su naɗe, don haka robar gefe ita ma gunduwa-gunduwa take, kowace da bakin da aka tsara ya hau kan na 'yar'uwarta. Akwai doguwar da ke goshin rufi, inda yake cizon saman gilashin gaba. Akwai biyu masu gangarowa ta ginshiƙan gilashin gaban. Akwai ta baya, inda gindin rufi ke zama a jikin mota, sannan a irin su Mercedes akwai ta murfin ramin da rufin ke kwanciya a ciki.

Baje su a tabarma za ka ga sun kasu biyu. Wasu miƙaƙƙu ne, ko'ina ka yanka siffar ɗaya ce, domin inji ne ya tunkuɗo su ta baki ɗaya aka datsa. Wasu kuwa zuba su aka yi a mazubi: suna da kusurwa, da leɓe, da 'yar kwata mai karɓar ruwa ta gangarar da shi waje, wani lokaci har da ƙarfe a binne a ciki. Miƙaƙƙun ana samun madadinsu. Masu kusurwar ba su da madadi, kuma ta wurinsu ruwa ya fi shiga.

Sai ƙasar da motar ke zaune. Waɗanda suka ƙera ta ruwan sama da sanyi suka sa a gaba. Mu kuwa ruwanmu na wata huɗu ne, Yuni zuwa Satumba, ya ɗan zarce haka a Zuru da Yauri, sauran shekara rana ce da ƙura. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40 a inuwa, baƙar robar da ke kallon rana kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Zafi yana sa robar da aka danne ta sandare a danne, ta kasa tasowa ko an ɗaga mata. Hasken rana da ozon, wata iska mai cin roba da ke gauraye da iskar da muke shaƙa, suna tsattsaga fatarta, musamman inda aka ja ta ko aka lanƙwasa; duba da kyau, tsagar a gicciye take fitowa, ba ta bin tsawo. Ƙurar hunturu kuma tana maƙalewa tsakanin gilashi da roba, ta riƙa gurzar su duk lokacin da aka ɗaga gilashi ko aka sauke. Shi ya sa a nan shekarun roba da abin da aka haɗa ta da shi sun fi tambarin da ke jikin leda muhimmanci. Sunan da za ka riƙe shi ne EPDM, robar da aka fara sarrafawa a shekarun 1960, wadda daga baya ta mamaye ƙofofin motoci saboda tana jure rana da ozon da zafi. Rauninta shi ne ba ta shiri da fetur da baƙin mai da duk abin da aka tato daga ɗanyen mai. Suna taɓa ta sai ta kumbura ta yi laɓo-laɓo.

Kafin ka fitar da ko kwabo

Tabbatar robar ce mai laifi. Ƙura kanta tana nuna hanya. Rufe rufi, ɗaga gilasai, bi hanyar da ba kwalta na 'yan kilomitoci, ka dawo ka buɗe ƙofa a hankali. Inda roba ke kamawa za ka ga fuskarta baƙa ƙirin. Inda take sakin iska kuwa za ka ga jan layin ƙura ya ƙetare ta ya shige ciki, siriri, wani lokaci bai kai faɗin yatsa ba. Sa alli ka yi wa wurin alama. Takarda ma tana aiki: a sa ta tsakanin gilashi da roba, a rufe ƙofa, a ja. In ta yi gardama wurin lafiya lau, in ta zare salin-alin babu matsi. Gwajin ruwa mutum biyu yake so, ɗaya a ciki da tocila, ɗaya a waje da tiyo ko buta, a fara daga ƙasa a riƙa hawa sannu-sannu, don in aka fara daga sama ruwan zai bi ko'ina a rasa ta inda ya shiga. Ban da injin feshin masu wankin mota, wannan ko sabuwar roba sai ya keta.

Sau da yawa gwajin nan wanke robar yake yi. Ko ƙugiyoyin da ke ɗaure goshin rufi ne suka saki, ko gilashi ya sauka daga saitinsa, ko wani ya taɓa danna ƙarfen rufi da ƙarfin tsiya ya lanƙwashe, ko kuma yadin ya tsuke don an bar shi a naɗe shekara da shekaru har yana janye ƙarafan baya. Masu Mercedes SL ta 1971 zuwa 1989 su ƙara da wannan: ruwan da ke kwanciya ƙarƙashin kafet wajen ƙafa sau tari daga akwatin iskar da ke gindin gilashin gaba yake zuwa, inda magudanai ke toshewa da ƙasa da ganye har tsatsa ta huda ƙarfen. Sanannen ciwon wannan mota ne. Sai ka zuba dala a roba, damina ta sauka, kafet ya jiƙe yadda ya saba.

A kuma rage buri. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Waɗannan motoci ko ranar da suka fito daga kamfani ba su kai mai rufin ƙarfe tsare ruwa ba, kuma ɗan ɗigo a kusurwar gilashi lokacin ruwan Agusta mai iska bai isa a kira shi lalacewa ba.

Hanyoyin huɗu, da ta biyar da ba a faɗa

Abin da kake biya a orijina dacewa ce. An zuba ta a kan awon asali, taushinta daidai da ƙarfin da gilashi da ƙofa ke iya dannawa. Ka sa ta, ƙofa ta rufu ba da kokawa ba, saitin gilashi kaɗan za a taɓa. Mercedes na cikin kamfanonin da har yanzu suke samar da kayan tsoffin motocinsu ta sashen Mercedes-Benz Classic, kuma SL ɗin nan an ƙera ta fiye da 237,000, don haka kasuwarta ba ta mutu ba. Matsalar tsada ce, da dala ko yuro, ga kuɗin jirgi, ga na kwastam, ga jira.

Amma fa orijina biyu ce. Akwai wadda aka yi kwanan nan, akwai wadda aka yi tun motar na tashe ta kwana a shago shekara talatin cikin ledarta. Ta biyun ce dillali zai fi yi wa kirari, yana nuna maka tsohuwar lamba da tambari. Roba tana tsufa ko ba a taɓa ta ba. Ƙa'idar ajiyar roba ta duniya, ISO 2230, ta ba EPDM shekara 10 a ajiye kafin a sake duba lafiyarta, robar itace kuwa shekara 5, kuma wannan a wuri mai duhu ne da zafinsa bai kai digiri 25 ba. To auna wannan da shagon kwano a tsakiyar bazara. Tsohuwar ajiya dace ce a fitila ko madubi ko ƙarfe, a roba kuwa tsada kawai ka saya. Tambayi shekarar da aka yi ta. In tana hannunka lanƙwasa ta ka duba a haske. Fatar ta buɗe ƙananan tsaga, mayar masa da kayansa. Farin gari-garin da kan fito a jikin roba shi kaɗai ba aibu ba ne, galibi kakin kariya ne da ke tasowa daga ciki, ana gogewa ya fita.

Kwafi ba jabu ba ne, kuma a nan kasuwar ta fi faɗi. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Steele Rubber Products da Metro Moulded Parts a Amurka masu yi wa tsoffin motocin can, da West Coast Metric mai yi wa Volkswagen, ga kuma 'yan kasuwa a Jamus da Ingila da Faransa da suka tsaya kan Mercedes ko Peugeot kaɗai. Kwafi mai kyau da EPDM ta zamani ake yin sa, kuma a ƙarƙashin ranarmu yana iya fin haɗin da aka yi a 1970 daɗewa. Kuɗinsa yakan yi ƙasa da na orijina sosai.

Inda kwafi ke ba da kunya shi ne tauri da kauri. Bambancin da ido ba ya gani, ƙofa tana ji. In robar ta fi ta asali tauri, sai ƙofa ta riƙa dawowa in an tura ta, yara su koyi buga ta da ƙarfi. Saman gilashi ya ture waje maimakon ya nutse cikin leɓen roba, ka hau hanyar Jega ka ji fito yana tashi kusa da kunnenka tun ba ka yi wani gudu ba. Injin ɗaga gilashi, na hannu ne ko na lantarki, ya riƙa nishi a ƙarshen hawa har haƙoransa su cinye. Goshin rufi kuma sai mutum biyu sun danna kafin ƙugiya ta kama, kuma ƙugiyar nan ta fi robar wahalar samu. In kuwa ta fi ta asali siranta, komai zai rufu sumul, ka yi ta murna har ranar da hazo ya sauka. Sai matsala ta uku da ba a cika lura da ita ba: bakin gunduwar wannan kamfani ba lallai ya hau kan na wancan ba. Duk robobin da ke taɓa juna, wato ta goshi da ta ginshiƙi da na gefe, su fito daga hannu ɗaya. Kafin ka biya, sa mai sayarwa ya turo maka hoton bakunan daga kusa. Bakin da aka zuba a mazubi sumul yake haɗe da jikin robar. Wanda aka yanka aka liƙa da gam za ka ga layin haɗin, kuma a wannan layi zafi zai fara buɗe ta.

Beljiyam fa? Makanikai sun saba cewa Beljiyam ta fi sabuwa, kuma a kik ko altaneta ko giyabos sau da yawa gaskiyarsu ce. A roba maganar ta faɗi. Autar Mercedes SL ta wannan ƙira 1989 aka yi ta, wato robar da za a ciro maka ta haura shekara 35 idan ba a taɓa canza ta ba. Ta riga ta kwanta da siffar gilashin wata motar, ba za ta tashi ta koyi na taka ba. Wajen ciro ta an yage bayanta daga gam. Ta sha zafin kwantena, ta zo ta rataya a ƙusa a Kofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo tana shan rana. Wannan ma in an same ta ke nan, domin kasuwannin nan kayan Corolla da Golf da Civic suka cika su, kuma mai shago da ya ga ba shi da taka zai ɗauko mai kama da ita ya rantse iri ɗaya ne. Abin da ya cancanci nema a Beljiyam shi ne ƙarafan da roba ke zama cikinsu, da kilif, da ƙugiyoyi, da ƙananan sukurori. Waɗannan in sun ruɓe ko sun ɓace, na hannu sun wadatar.

Ta awo ita ce mai araha, kuma yau ka nema yau ka samu, wurin masu kushin ko masu kayan gilashi, in ba a samu a Birnin Kebbi ba a aiko daga Sakkwato ko Kano. Tana zuwa siffa-siffa, wata bututu ce mai shafaffen baya, wata mai jela, wata mai baki da ke cizon gefen ƙarfe da bututu a gefe. A miƙaƙƙen wuri ba ta da laifi ko kaɗan: murfin but, murfin ramin rufi, ƙasan ƙofa. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya biya kuɗin jirgi a kan robar but ba alhali ga mai siffarta a kasuwa. A kusurwa ne take tona wa kanta asiri. Ka lanƙwasa bututu ya karye ya lotse a daidai gwiwar, ka yanka ka haɗa da gam rana ta buɗe. Ba ta da 'yar kwatar nan mai fitar da ruwa, sai ruwan goshin rufi ya gangaro ya sauka a cinyar direba.

Kuma ba duk baƙin abu ne roba ba. Da yawa daga na awo filastik ne mai taushi, wanda zafi ke tsotse wa mai ya bushe ya tsuke. Sayi taƙi ɗaya tukuna. Ɗora ƙusa a wuta ta yi zafi ka dangwala: dafaffiyar roba ƙonewa take ta yi hayaƙi ta bar baƙin tabo busasshe, filastik kuwa narkewa yake ya biyo ƙusar da danƙo. Ragowar ka matse ta tsakanin katako biyu, ka ɗora a kan kwano ta sha rana 'yan makonni, ka kwance. Wadda ta taso ta koma siffarta ita ce taka. Tafi kasuwa da guntun tsohuwar robar, ka yanko daga wurin da bai sha danni ba don a ga ainihin tsayinta, kuma ka zaɓi mai soso mai rami a ciki, ka bar dunƙulalliya mai tauri.

Ta biyar ɗin ita ce faci, kuma kowa ya san ana yi. Tsohon tub na taya da ake yankawa a liƙa ba ya tasowa bayan an danna shi, aikin robar rufi kuwa tasowa ne. Gam ɗin silikon na masu gilashin taga, mai warin tsami, yana jawo tsatsa a tsiraran ƙarfe, kuma inda ya taɓa fenti ba ya kamawa sai an sha wahala. Dabara ɗaya ce na yarda da ita: in tsohuwar robar mai rami ce kuma ba ta yage ba, lotsewa kawai ta yi, a zura siririn tiyo mai taushi a cikin ramin ya ɗago ta. Wannan zai iya fitar da kai damina ɗaya kana jiran oda.

Kowace mota da nata lissafi

A Mercedes SL, ni dai sabuwar orijina zan sa a goshi da ginshiƙai da gefe, in aljihu ya ƙi sai kwafi mafi tsada daga hannu ɗaya. Murfin ramin rufi kwafi ya isa, but kuwa ta awo. Wannan mota sau da yawa da rufin ƙarfe na cirewa take zuwa, kuma in naka yana nan a jingine a bayan gareji, ɗora shi da damina da hunturu ya fi kowace roba sauƙi, sai dai shi ma yana da nasa robobin da za a duba. Wajen oda a kula da SLC, 'yar'uwarta mai dogon jiki da rufin dindindin da aka yi daga 1971 zuwa 1981. Gabansu ɗaya, robar gilashinsu daban.

Peugeot ce ta fi yaudarar mutane, saboda mun saba da 504. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma babu garin da ba a san kayanta ba. Amma buɗaɗɗiyar ba a Kaduna aka yi ta ba. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta ya kuma ƙera shi, daga 1969 zuwa 1983, kuma duka-duka kusan 8,000 aka yi. Ta fi mai ƙofa huɗu gajarta, ba su haɗa ko ƙofa ɗaya ba. Wasu kayan inji za su iya shiga, robar ƙofa da ta gilashi kuwa ko kusa. A nan kwafi daga 'yan kasuwar Turai masu kayan tsoffin Peugeot shi ne babbar hanya. Kuma kada a yar da tsohuwar roba ko ta zama tsumma, domin ita ce awon da za a gwada sabuwa da shi.

Mai Beetle shi ya fi kowa hutawa. Kamfanin Karmann na Osnabrück a Jamus ya yi buɗaɗɗiyar daga 1949 zuwa 1980, fiye da 330,000, kuma masu kwafinta sun yi yawa har farashi ya sauko. Kwafi daga farko har ƙarshe, ba sai an yi dogon tunani ba. Shekarar motar dai a faɗe ta daidai, don ƙirar 1303 mai lanƙwasasshen gilashin gaba robarta daban da ta magabatanta, kuma robar Beetle mai rufin ƙarfe irin wadda aka haɗa a Legas ba ta shiga. Sannan a yawancin shekarunta akwai katako a goshin rufin da bayansa. Motar da ta daɗe a ajiye a ƙasar gara, a ƙwanƙwasa katakon a ji kafin a ɗaura masa sabuwar roba.

Duk wadda ka zaɓa, rabin sakamakon yana hannun mai sawa. Aikin ya fi dacewa da mai kushin ko mai sa gilashin mota, mutum mai haƙuri, a kan mai gyaran bodi da hannunsa ya saba da guduma. Na taɓa tsayawa a rumfar wani dattijo mai kushin, yaronsa yana zura roba a gurbinta yana ja don ta kai ƙarshe. Dattijon bai ko ɗago daga keken ɗinki ba ya ce, "Kai ɗan nan, bari jan ta! In kaj ja ta yau, gobe ta koma inda tah hito, ta bar ma Alhaji ƙohwa ga kusurwa." Yaron ya ce, "To, Baba," ya zare ya sake daga farko, yana turawa da babban yatsa taƙi-taƙi. Haka ake yi. Ana fara zaunar da kusurwoyi da bakuna, sannan a bi tsakiya. Ta awo a yanka ta da ɗan rara, a sa mahaɗarta a ƙasa inda ruwa ba ya kwanciya.

Kafin nan a ɗauki hoton kowace tsohuwar roba tana wurinta, a cire ɗaya bayan ɗaya, a kankare tsohon gam, a goge tsatsar gurbin da sanfefa a shafa jan fenti ya bushe. Sabuwar roba tana zuwa da santsin mazubi a jikinta, in ba a goge bayanta da sifirit ba gam ba zai kama ba. A gwada ta a bushe tukuna, a rufe rufi a gani. Gam na robar mota ake so, irin na 3M, ko gam ɗin masu kushin in babu shi, a shafa siriri a fuska biyu a bari ya sha iska kafin a haɗa. Sufa gulu bushewa yake ya yi ƙaras, ya karye da motsin mota. Wajen zurawa ruwan sabulu ya isa, kuma da guntun katako ko filastik ake cusawa, sukundireba huda roba yake. An gama, sai a saita gilashi ya bi sabuwar roba, a ɗaure rufi, a ɗaga gilasai, a bar motar haka 'yan kwanaki. Ƙofa za ta yi ɗan tauri na wasu makonni, wannan ba komai. A nan zafinmu ya yi rana, don roba ta fi saurin kwanciya a bazara, yadin rufi ma ya fi miƙuwa.

Kulawa ba ta da yawa. Goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, musamman da hunturu, sannan a shafa man silikon ko gilisarin kaɗan. Basilin da giris da baƙin mai da kananzir duk daga ɗanyen mai suke, su ne masu kumbura EPDM. Man birki da wasu masu wanki ke shafawa don roba ta yi sheƙi ba ya cin EPDM, amma yana cin fenti, kuma robar rufi kewaye take da fenti. Motar ta kwana a inuwa rufinta a ɗaure, nesa da inda ake walda, don tartsatsin lantarki yana haifar da ozon.

Oda a yi ta tun Janairu ko Fabrairu, don kaya su iso a sa su kafin iskar farkon damina. A ba mai sayarwa lambar shasi da shekarar ƙira. A ce masa hagu ko dama, kamar kana zaune a ciki kana kallon gaba, kada a ce gefen direba: Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, wasu tsoffin motocin sitiyarinsu na dama, kuma a wurin ɗan kasuwar Ingila direba a dama yake zama. In kaya sun iso a kwance su daga naɗi, a shimfiɗa a inuwa su miƙe, a jera kowace kusa da tsohuwarta a gwada tsawo da baki da ramukan sukuru kafin a buɗe gwangwanin gam, domin wadda gam ya taɓa babu mai karɓar ta.